Irin Geron Goggo Sabuwa a Tabarmar Caca

Mu'azu manomi ne a wani ƙauye da ke bayan Gagarawa Tasha. Ba malalaci ba ne, kuma ba a taɓa kama shi da kayan wani ba. Aibinsa ɗaya, gajen haƙuri. Ko kunu aka ba shi sai ya ƙona baki, in kuwa ka ce masa matsoraci, to ka gama da shi, ko rijiya ce sai ya faɗa don ya ƙaryata ka.

A shekarun babban farin nan na farkon saba'in, gidansu ya ga tashin hankali. Rumbu ya ƙare, aka koma dusa da ganyen tafasa. Mahaifiyarsa, Goggo Sabuwa, tana da irin gero da ta zaɓo daga zangarniya mafi kyau, ta gauraya shi da toka saboda ƙwari. Ta san zuciyarta ba za ta jure kukan jikoki ba alhali ga hatsi a ɗaka, sai ta aika da shi wurin ƙanenta Isa a Maigatari, ta ce kada ya ba kowa sai hadari ya haɗu. A wannan tsakani ne Talatu, ƙaramar 'yar Mu'azu, ta yi ta ramewa har ta rasu. Goggo ta yi kuka har idonta ya kumbura, amma ba ta aika a karɓo irin ba, domin shi ne abincin gidan na baɗi.

Da gabas ta fara baƙi, Goggo ta tashi Mu'azu ya je ya karɓo. Kawu Isa ya damƙa masa buhun, ya sa masa albarka. Sai dai a tasha motar Gumel ta ƙi cika, Mu'azu kuwa jira ne ajalinsa. Ya zauna, ya miƙe, ya yi tsaki, har ƙafarsa ta kai shi wata rumfa a bayan tasha inda wani Ɗantala yake tara 'yan karta.

Tsarin wasan Ɗantala daban ne. Kowa zai ajiye wani abu mai daraja, a ba shi ƙwallayen dabino daidai da na kowa. Duk zagaye dole kowa ya jefa ƙwallo a tsakiya, sannan a raba kati. Wanda ya yarda da hannunsa ya ƙara, wanda bai yarda ba ya kife ya jira na gaba. Wanda ƙwallayensa suka ƙare ya tashi. Na ƙarshe shi zai kwashe kayan duka, amma wanda ya zo na biyu ana mayar masa da nasa. Wani ya ajiye keke, wani rediyo. Ɗantala ya ɗebi geron ya murza a tafi, ya ce ai a bana wannan ya fi keke tsada. Mu'azu ya raya a ransa cewa zai koma gida da iri kuma a kan keke, ya cire takalmi ya hau tabarma.

Aka yi ta bugawa, mutane suna tashi, har suka rage su uku: Sa'idu, wani direban babbar mota da ya tara tuli a gabansa, da Mu'azu da ya saura da 'yan kaɗan, da wani dattijo Manu wanda ƙwallo ɗaya tal ya rage masa bayan ya jefa na dole. Manu ya duba katinsa ya kife. Ko yaro ya san abin da ya kamaci Mu'azu a nan. Sarki ɗaya ne a hannunsa, sauran duk tarkace. Abin da ya dace shi ne ya kife kawai, a zagaye na gaba Manu ya jefa ƙwallonsa na ƙarshe, in ya faɗi shi ke nan, Mu'azu ya zama na biyu ya ɗauki buhunsa. Shi ma ya san haka, har ya fara sauke hannu.

Sai Sa'idu ya yi dariya ya ce, "Bari ya jira tsoho ya mutu ya ci gado. Haka mutanen Gagarawa suke, ba su da zuciya."

Rumfa ta ɗauki shewa. Kunnen Mu'azu ya yi zafi, ya tura duk abin da ke gabansa tsakiya, ya ce, "Na zuba duka."

Sa'idu bai ko yi tunani ba, ya biya, ya buɗe sarakuna biyu. Mu'azu bai gama sa takalmi ba aka raba wani katin, ƙwallon Manu ya tafi, Ɗantala ya miƙa wa dattijon rediyonsa tunda shi ne na biyu. Mu'azu ya bi Sa'idu har bakin mota yana roƙon ko mudu ɗaya, har da durƙuso. Direban ya ce wasa ya ƙare, ya jefa buhun a baya, ya tsallaka Nijar da shi.

Ruwa ya tsuge tun Mu'azu yana hanya, ruwan da aka shekara ana roƙo. Ya isa gida ya tarar gari ya cika da murna, maza suna fito da sungumi don sara ramukan shuka. Goggo na tsaye a ƙofar gida da ƙwaryar shukarta a wanke. Ta dubi kansa, ta dubi hannunsa.

"Ina irin?"

Ya sunkuya ya faɗa mata komai, bai ɓoye ba. Ba ta zage shi ba, wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta kife ƙwaryar a ƙasa, ta ce a hankali, "Da na san can za shi, da na dama wa Talatu kunu da shi."

A daminar nan gonar kowa ta yi kore. Tasu ciyawa ta cinye, domin babu mai irin da zai ba wani. Mu'azu ya yi ta ƙodago a gonakin mutane, kuma har Goggo ta bar duniya bai sake iya haɗa ido da ita ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, idan abin hannunka ya rage kaɗan, a lokacin ne ka fi bukatar haƙuri, kada dariyar mutane ta sa ka zuba shi duka, don ba za su raka ka gida ba. Amma asarar Mu'azu ta fara ne tun sa'ad da ya cire takalmi ya hau tabarmar caca. Abin da wani ya ji yunwa ya adana amana ce, kada ka kusance ta da caca ko da ka tabbata za ka ci.