Jirgin Halliru da Rumbunan Uwa

Halliru mutumin Isa ne, tsohon soja da ya riƙe wayar iska a yaƙin Bama. Bayan ya dawo gida ya buɗe rumfar gyaran rediyo, hannunsa kuwa na da kyau. Aibinsa ɗaya, bai yarda akwai wanda zai koya masa wani abu ba.

A kakar 1957 wani Bature makanike da zai bar Gusau ya ba shi ɗan jirgin sama na wasa, tsawonsa bai fi kamu uku ba. Da fetur yake tashi, ana juya shi daga ƙasa da akwatin rediyo. Akwatin ya lalace, sai Halliru ya haɗa wani da tarkacen kayan soja. Ya yi ta murɗawa har ya sami zangon rediyon da jirgin ya fi jin magana, ya tsaya a kansa.

Amininsa Illo, malamin gidan waya, ya zo ya gani.

"Halliru, wanga zango ba naka ba ne. Iska ma rabon ta aka yi, kowa da nashi. Bari in rubuta maka takardar izini, a ba ka zangon da aka ware ma irin wanga wasa."

"Sai yaushe?"

"Wata uku, ko huɗu."

Halliru ya yi dariya. "Ni da na yi waya cikin dajin Bama? Na riga na gaya ma mutane, ran kasuwar Sabon Birni za ni tashe shi."

Ranar kasuwa jama'a suka cika fili a bayan gari. Jirgin ya tashi, ya kewaya sau biyu, mutane na salati. Halliru bai san cewa masu awon ƙasa sun sauka kusa da gulbi ba, kuma zangon da ya ɗauka nasu ne. Da suka kunna wayarsu don kiran Sakkwato, sai ta danne akwatin Halliru, jirgin ya karkata ya nufi gari.

Halliru ya danna, ya murɗa, ya ɗaga akwatin sama, ya bi jirgin da gudu yana kiran sunan Allah. Jirgin bai juyo ba. Yana kallo ya faɗa gidan wata gwauruwa mai suna Uwa, dab da murhun da take tuya a kai. Fetur ya watsu, wuta ta kama zana, ta haye rumbunanta biyu. Kafin a ɗebo ruwa daga rijiya, geron shekara ya ƙone.

Uwa ta zauna a ƙasa tana kallon toka. Halliru ya durƙusa gabanta.

"Inna, wallahi na kira shi, bai ji ba."

Ba ta ɗaga murya ba. "To, ɗana, mi za ni ba marayuna su ci?"

Aka kai Halliru kotu. Alƙali ya ɗaure shi wata shida, aka kwashe kayan rumfarsa. Da ya fito ya je neman gafara, ya tarar Uwa ta rarraba 'ya'yanta ga dangi, ita kuma ta koma garin Burkusuma aikatau. Ya bi ta can, aka ce ta ƙetara iyaka, ta shiga ƙasar da Faransa ke mulki. Bai sake ganin ta ba.

Mai karatu, ƙwarewa ba ta ɗauke wa kowa bin ƙa'ida. Abin da jama'a suka yi tarayya a kansa, ko da iskar da ido bai gani ce, akwai haƙƙin wani a ciki. Wanda ya ƙi jiran izini saboda girman kai, sau da yawa ba shi ne yake fara shan wahalar ba, wani ne da bai san komai ba.