Turbo a Motar Na'Allah

Ka taɓa raina maganar mutum don kawai ba shi da takardar da kake da ita? Karanta wannan kafin ka ba ni amsa.

Akwai wani direba a Bagudo mai suna Na'Allah. Shekara goma sha tara yana ɗaukar albasa da fasinja zuwa Tsamiya, bakin iyakar Benin, da tsohuwar motarsa guda ɗaya tal. Da ita ake ci a gidansa. Da ita ɗansa Abdulganiyu ya yi karatu har ya fito injiniya.

Amma motar ta gaji. In an labta mata kaya sai ta riƙa nishi a hanya, sauran direbobi su wuce ta suna masa oda.

Da Abdulganiyu ya dawo daga bautar ƙasa, sai ya ce zai sa mata turbo. Turbo wata fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, tana cusa wa inji iska fiye da wadda yake shaƙa da kansa. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Kuma wallahi dabara ce mai kyau, ana yin ta.

Aka sayo turbo daga Kwatano, da sababbin fistan da ringi, wato zobban ƙarfe masu tsaga da ke zagaye fistan. Aka kai injin garejin Oga Dele, Bayaraben da ya shekara talatin a Bagudo, wanda tun ranar da aka sayi motar shi ke gyara ta.

Ranar haɗawa, Oga Dele ya ɗauki magagari ya fara gurza bakin ringi.

Abdulganiyu ya fizge. "Oga Dele, mi kake yi haka? Sababbi ne hwa!"

"Ƙofar zan buɗa musu kaɗan, Injiniya. Turbo zafi gare shi. Ƙarfe in ya ji zafi kumbura yake yi. In bakin ringi ya haɗe, bai da wurin zuwa, sai ya fasa fistan."

Abdulganiyu ya ɗago wayarsa. "Ga littafin kamfani. Ga ma'aunin da sunka rubuta."

"Wanga littafi na injin da ke numfashi da hancinsa ne. Kai kau famfo za ka sa mai a baki."

Direbobin da ke zaune a benci suka kwashe da dariya. Dariyar nan ce ta ɓata komai.

"Ka ga, shekara biyar na yi ina karanta inji," in ji Abdulganiyu. "Kai ko sunanka sai an riƙe maka hannu kake rubutawa. Aikinka kwance noti ne, ka tsaya nan."

Oga Dele ya ajiye magagari, ya dubi uban.

"Na'Allah, motarka ce. Mi ka ce?"

Na'Allah ya san hannun Dele, bai taɓa barin sa a daji ba. Amma ga ɗansa tsaye cikin mutane, ɗan da ya gama faɗa wa kowa a tasha cewa injiniya ne. Ya sunkuyar da kai.

"Dele, bar shi ya gwada karatunsa."

Aka kwashe injin aka kai gida. Mako uku Abdulganiyu yana haɗi a gindin darbejiya, kuma gaskiya ya yi aiki mai tsabta. Da aka tayar, turbo ya yi fito, mata suka rangaɗa guɗa. Ya zagaya gari babu kaya, ta ƙauyen Kende ya dawo, mota kamar za ta tashi sama.

Ranar kasuwa aka ɗora albasa har saman rufi. Rana ta take. Na'Allah ya taka totur, ya wuce mota biyu, karon farko cikin shekaru. Yana cikin dariya ya ji ƙara kamar an harba bindiga ƙarƙashin ƙafarsa. Baƙin mai ya malale a titi.

Direbobin da ya wuce su ne suka tsaya suka raba kayansa. Ɗaya ya janyo motar da igiya zuwa garejin Oga Dele.

Oga Dele ya buɗe injin. Ringi ya haɗe, kan fistan ya fashe, sandarsa ta huda bulok, wato gangar jikin injin, har kana hango ƙasa ta ramin.

"Za ta gyaru?" Abdulganiyu ya tambaya.

"Bulok da ya hudu ba a ɗinka shi, ɗana. Sai wani injin."

Oga Dele ya rufe bonet. Na'Allah bai yi faɗa ba. Ya shafa bonet, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya tafi gida a ƙasa.

Wani injin kuwa Na'Allah ba shi da halin sayensa. Yau Na'Allah yana tasha, yana ɗaure wa wasu direbobi kaya yana kiran fasinja. Ba wanda ke kiran sa da sunansa kuma. Daga nesa za ka ji ana ƙwala masa kira: "Turbo! Zo ka kama buhun nan!" Shi kuma ya amsa, ya duƙa.

Abdulganiyu ya ji da kunnensa sau ɗaya. Tun daga ranar ya daina bi ta tasha.

Darasi: Karatu haske ne, amma bai ba ka lasisin wulaƙanta wanda ya tsufa a kan aiki ba. Kuma in girman kai ya fashe, sau da yawa ba mai shi yake fara ƙonawa ba, wanda ya tsaya masa ne. Mu masu sabuwar takarda, mu tambaya kafin mu fizge.

Tura wannan ga abokinka da ya gama makaranta bana, ka sa shi a zauren 'yan ajinku yau.