Ruwan da Ya Ci Gonar Gado

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, a ƙauyukan da ke tsakanin madatsar ruwa ta Watari da birni, wanda babban bututun ruwan famfo ya ratsa ta gonar gadonsa. Ba zan ambaci sunansa ba, domin yana raye.

Idan ya tsaya a gonar da rani, yakan ji ruwa na gudu a ƙarƙashin ƙafarsa, yana wucewa zuwa gidajen mutanen da ba su san sunan ƙauyensa ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ban ce ba shi da abin kuka ba, rijiyar garinsu takan ƙafe tun kafin bazara. Amma kuka daban, ɓarna daban.

Sai ya tona, ya huda bututun, ya ja tiyo zuwa fangalin albasarsa. Albasa ta ƙoshi, bai toshe ba. Ruwa ya wuni yana zuba, ya kwana yana zuba.

Maƙwabcinsa, Malam Dabo, ya ce masa, "Ka sha, ka shayar, amma ka rufe. Akwai matar da ke murɗa famfo can birni a unguwar Rijiyar Zaki, iska ce ke fito mata."

Ya kece da dariya. "Malam, ta zo ta nuna mini sunanta a jikin bututun! Ruwan gwamnati ne. Jaki ma in ya ratsa gona sai ya bar taki."

Matarsa Barira ta ce ƙasar ta fara tsami, ƙafa tana nutsewa. Ya ce, "Kin saba da busasshen tulu, shi ya sa arziki ke ba ki tsoro."

Albasa ta ruɓe daga saiwa. Kanwa ta taso fari fat a kan kunya. Ma'aikatan ruwa suka zo suka liƙe, suna juya baya ya sake hudawa a gaba. Rannan aka sako ruwa da ƙarfi, bututun da ya raunana ya tsage. Kafin a rufe daga can Watari, ruwa ya ci gonar. Ya bar kwazazzabon da ya fi tsayin mutum, ɗorawar da ubansa ya dasa tana kwance, saiwa a sama. A birni kuwa unguwanni suka bushe, har gawa ta jira mai kurar ruwa kafin a yi mata wanka.

Ina yake yau? Yana Rijiyar Zaki yana tura kurar ruwa. Kowace jarka sai ya ɗaure bakinta da leda, kada ɗigo ya fita. Wani ya bangaji kurar, an ji mutumin namu yana ihu, "Kai! Ruwan nan ba shi da mai shi ne?"

To, kada kowa ya zo mini da zancen kayan gwamnati. Gwamnati tana jin ƙishirwa? Haƙƙin jama'a ne, kuma wa zai bi gida-gida ya nemi gafarar birni guda? An hana mu almubazzaranci a alwala ko da a bakin kogi muke, balle ruwan da ya yi doguwar tafiya kafin ya iske mu. Kai ma da ke barin famfo a buɗe ka tafi hira, ɗan uwansa ne kai, gonarka ce ba a ci ba tukuna.

Allah ya kiyaye mu da haƙƙin da ba mu san fuskar masu shi ba. Amin.