San da Mu'awiya Ya Saya a Ƙofar Gida

Akwai wani mahauci a Talata Mafara mai suna Mu'awiya. Teburinsa a kasuwa ba ya kai la'asar da nama, don masu tuwo-tuwo da masu tsire duk wurinsa suke yi. Dabba kuwa a kara, kasuwar dabbobi, yake sayenta, a gaban dillali, yadda kowane mahauci ke yi, domin dillali ne ya san mai dabba, shi ke tsayawa shaida in magana ta taso.

Wata Alhamis da hantsi sai ga surukinsa Malam Buba daga Tsibiri, riƙe da igiyar wani jan sa.

Bayan doguwar gaisuwa a zaure, Malam Buba ya ce, "Lalura ta taso min, ɗana. Na ce maimakon in kai ma bare, gara kai."

Mu'awiya ya san tsohon nan bai da shanu, ko akuya sai ta matarsa. Amma kun san halinmu, wa zai ɗaga ido ya tambayi uban matarsa inda ya samo abu? Kansa na ƙasa aka yi ciniki aka gama, babu dillali, babu maƙwabci.

Da ya shiga gida, matarsa Ramla ta ce, "Muryar Baba na ji. Ka bari Talata ranar kasuwa mana, ku kai san kara."

"In ce mishi mi? Ban yarda da shi ba?"

Washegari ya yanka. Nama ya ƙare lafiya, fatar ce ta jawo masifa. Wani makiyayi daga Damri mai suna Manu, wanda aka kore wa shanu, yana bin rumfunan masu fata, sai ya ga shaidar garkensu a cinyar wannan fatar. Mai rumfar ya ce wurin Mu'awiya ya saye ta. Kafin azahar 'yan sanda sun tafi da Mu'awiya da hannunsa duk jini.

Lauyan da 'yan'uwa suka ɗauko bai ɓoye masa komai ba. "Laifin karɓar kayan sata ake tuhumarka da shi. Kotu ba ta san kunya ba, Malam. Wa ya sayar maka, wa ya gani?"

Kwana da kwanaki Mu'awiya ya ƙi kiran suna, yana jiran tsohon ya zo da kansa. Shiru. Sarkin Fawa ya zo ya ce shi ba ya iya tsaya wa dabbar da ba ta bi ta kara ba. Da ƙyar Mu'awiya ya buɗe baki ya kira sunan surukinsa. Aka kira Malam Buba, wallahi ko gezau, ya ce rabonsa da Mafara tun sallar layya.

Saura mutum ɗaya, Ramla. Uwarta ta aiko mata cewa in ta taka kotu, kada ta ƙara taka Tsibiri. Mu'awiya ma ya roƙe ta ta zauna. Ta ƙi.

Ranar zaman kotu ta tsaya, ubanta na zaune yana kallonta, ta ce, "Baba ne ya kawo shi."

Mai gabatar da ƙara ya ce, "Kin gan shi da idonki?"

"Muryarsa na ji daga cikin gida."

"San fa, kin gani a hannunsa?"

"Ban leƙa zaure ba, maza ke magana."

Mu'awiya ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Ya san ta sayar da gidan ubanta a banza saboda shi.

Alƙali ya ɗaure shi. Da ake fita da shi ya waiwaya, ya hango Ramla ita kaɗai a bakin titi da goyo. Motar 'yan Tsibiri ta bi ta gabanta, ba wanda ya dube ta.

Darasi: Ɗan kasuwa, kunya ba ta zama shaida a gaban alƙali. Ko ubanka ne ya kawo maka kaya, ka bi hanyar da sana'arka ta shimfiɗa, ka kira mutane su gani. Ku tura wa duk mai saye da sayarwa da kuka sani, kafin a yi masa sallama a ƙofar gida.