Ƙayar da Aka Bari a Cikin Taya

An yi wani mutum a Gwiwa, mai facin keke. Ba zan ambaci sunansa ba, domin yana raye, kuma shi da kansa ya zaunar da ni ya ba ni labarin nan, ya ce in faɗa ko wani zai amfana.

Da za ka tambayi mutanen garin a wancan lokaci, kowa da abin da zai ce a kansa. Fulanin da ke shigowa kasuwa a kan keke suna cewa yatsansa ido gare shi. Manoma suna cewa facinsa ya fi sabon tiyub ƙwari. Liman yana yabonsa da cewa ko aiki ya kai ina, da an kira salla zai wanke hannu ya shiga sahu. Abokansa kuwa sai su yi dariya su ce, "Mutumin kirki ne. Sai dai tun da aka haife shi bai taɓa yin kuskure ba. In ba ka yarda ba, je ka tambaye shi."

A gindin wata tsamiya yake aiki, bakin kasuwa. Idan aka kawo masa keke, sai ya zare tiyub, ya ba shi iska, ya tsoma a daron ruwa har ya ga inda kumfa ke fita. Ya goge, ya kankare wurin, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska, sannan ya manna faci. Duk wannan kowane mai faci yana yi. Abin da ya bambanta shi guda ɗaya ne. Kafin ya mayar da tiyub, sai ya zura manuninsa cikin taya, ya lumshe ido, ya zagaya da shi a hankali har ya taɓo ƙayar da ta yi hujin, ya cire ta, ya ɗora wa mai keke a tafin hannu, ya ce, "Ga ɓarauniyar taka."

Ku da kuka san turbobin ƙasar nan, kun san ƙayar aduwa. Takan shiga taya ta karye, ta kwanta a ciki shiru. In ba a cire ta ba, ko faci goma aka yi, sai ta sake hudawa.

Yana da aboki mai suna Daudu, manomi. Tare suka taso. Kowace safiyar kasuwa Daudu zai zo ya zauna a kan bencinsa, su sha kunu a ƙoƙo ɗaya, su yi ta tsokanar juna. Mai faci ya ce keken Daudu ya girmi uban da ya saya masa. Daudu ya ce ai faci ne ya tsufar da shi.

Ran nan, ranar kasuwa, rana ta take, kekuna sun taru a gindin tsamiya, sai ga Daudu yana turo nasa, fuskarsa ta sauya. An buga masa waya cewa mahaifiyarsa, Inna Zara, da ke zaune wurin ƙanwarsa a wani ƙauye wajen Roni, jiki ya yi tsanani, tana ta kiran sunansa. 'Yan acaɓa duk sun watse da lodi. Ga tayar baya ta sace.

Ya ce, "Abokina, yi mini da sauri. Turbar daji zan yanka, ta fi kusa."

Mai faci ya ture aikin kowa ya kama nasa. Saboda ƙauna ya yi sauri, ya 'yan uwa, ba don ha'inci ba. Ya manna faci, ya mayar da tiyub, ya buga iska, ya ce, "Hau ka tafi, Allah ya ba Inna lafiya." Sai da Daudu ya ɓace wa gani sannan mai faci ya tuna bai zura yatsa ba. Ya ce wa ransa wataƙila ƙayar ta fita da kanta.

Ba ta fita ba. A tsakiyar daji, inda babu gida babu mai wucewa, taya ta kwanta. Daudu ya yi ta tura keke a cikin rairayi har la'asar. Da ya isa ƙauyen, ya tarar ana dawowa daga maƙabarta.

To, har zuwa nan, ina zunubin yake? Babu. Mantuwa ce, kuma ajali ba ya jiran keken kowa. Da maganar ta tsaya a nan, da kalma ɗaya ta wadatar.

Bayan sadakar bakwai Daudu ya dawo, ya turo keken zuwa gindin tsamiya. Aka yi masa ta'aziyya. Ya zauna a kan benci kamar yadda ya saba. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, ba da faɗa ba, "Ina jin ka bar ƙaya a ciki ran nan."

Akwai mutane a wurin, wajen goma. Duk suka ɗaga kai. Mai faci ya dubi idanunsu. Shekara ashirin ana cewa facinsa ba ya dawowa. Sai ya miƙe tsaye ya ce, "Ni? Wallahi tallahi na duba tayar nan ciki da bai. Kai ne ka bi ta kan ƙaya, yanzu kana neman wanda za ka ɗora wa."

Daudu ya kalle shi, ya ce, "To. Tunda ka rantse, shi ke nan. A gyara mini, zan aiko a karɓa." Ya tashi ya tafi.

Da mutane suka ragu, mai faci ya zare tiyub ɗin. Sabon hujin yana tsakiyar facinsa daidai. Cikin haushi ya zura yatsa da ƙarfi, ba a hankali ba kamar yadda ya saba. Ƙayar tana nan tana jiransa. Ta shige ƙarƙashin farce ta karye.

Ya 'yan uwa, ku dubi yadda Allah ya buɗe masa ƙofa a ranar. Daudu bai yi nisa ba. Da ya bi shi ya nuna masa yatsan, da sun yi kuka tare sun rabu lafiya. Me ya hana shi? Ya riga ya rantse a gaban jama'a. Ya ɗaure yatsan da tsumma, ya ce wa masu tambaya guduma ce ta buge shi.

Yatsa ya kumbura. Matarsa Zubaida ta ce, "Maigida, mu je asibiti." Ya ƙi, don ya san za a tsaga a ga ƙaya, labari ya iso kasuwa. Ta kawo ruwan zafi da gishiri, ya tsoma, ya ce ya ji sauƙi. Sati biyu yana fama, sati uku, har kumburin ya kai gwiwar hannu, zazzaɓi ya kwantar da shi. Aka kai shi Kazaure. Likita ya duba ya ce yatsan ya ruɓe, in ana son hannun sai an yanke shi. Aka yanke. Zubaida tana tsaye aka nuna mata guntuwar ƙaya a cikin faranti. Nan take ta gane.

Mai faci ya koma gindin tsamiya, amma sauran yatsun ba su san aikin ba. Shekaru suna riƙe ƙarfe, sun yi kanta, ba sa jin ƙaya. Faci ya fara dawowa. Duk wanda ya dawo, sai ya ce masa laifin hanya ne, ko laifin tayar, ko laifin nauyin buhun da ya ɗora. Wanda ya rantse a kan ƙarya sau ɗaya, harshensa ya saba. Mutane ba su yi faɗa da shi ba. Janyewa kawai suka yi, ɗaya bayan ɗaya. Kafin damina uku ya kwashe daronsa da famfonsa ya koma gida, wani magidanci mai suna Muhsin ya kama wurin.

Daudu kuwa aka yi ta cewa baƙin ciki ne ya sa ya yi wa amininsa ƙazafi. Bai kare kansa ba. Bai ƙara zama a kan bencin ba, amma in sun haɗu a masallaci yana miƙa hannu. Kuma kowace kaka, in ya cire gyaɗa, sai an kai kwano ɗaya gidan mai faci, kamar yadda aka saba tun suna samari. Mai faci ya gaya mini babu abin da ya fi ci masa rai kamar kwanon gyaɗar nan. Ya ce, "Malam, da zagina ya yi, da na sami barci."

Ya 'yan uwa, me ya rusa bawan Allah nan? Ba mantuwa ba ce. Wa ke cikinmu da bai taɓa mantuwa ba? Abin da ya rusa shi, ya fifita sunansa a kan sunan Allah. Ya ɗauko sunan Mahaliccinsa ya manna a kan kuskurensa, ƙayar kuwa tana nan a ciki. Malamanmu sun ce rantsuwar da mutum ya yi a kan ƙarya yana sane, azumi ba ya kankare ta, ciyarwa ba ta kankare ta, sai tuba. Kuma in akwai haƙƙin wani a ciki, sai an je wurin mai haƙƙin. Mutum nawa ne a cikinmu ke zaune da irin wannan ƙayar, tsakaninsa da ɗan'uwansa, ko matarsa, ko maƙwabcinsa, yana jira ta fita da kanta?

A shekara ta shida aka kawo kwanon gyaɗa. Zubaida ta ajiye a gabansa ta ce, "Maigida, Daudu fa ya tsufa, kai ma haka. Yatsa ya riga ya tafi. Shi ma sai ka bari ya tafi?"

Ranar kasuwa mai faci ya saka rigarsa ya nufi gindin tsamiya. Ya tarar da Daudu a can, Muhsin yana yi masa faci, mutane sun kewaye suna hira. Ya tsaya a gefe yana kallo. Muhsin ya manna faci, ya ɗauki tiyub zai mayar. Mai faci bai san lokacin da ya ɗaga murya ba.

"Tsaya! Zura yatsa tukuna."

Muhsin ya zura, ya zagaya, ya fito da ƙaya. Aka yi dariya. Wani ya ce, "Tsohon gwani ke nan."

Mai faci ya girgiza kai. Ya ɗaga hannunsa mai yatsa huɗu sama, kowa ya gani. Ya ce, "Jama'a, a nan na rantse, a nan zan warware. Ba guduma ba ce ta cire mini wannan. Ƙayar keken Daudu ce. Ban duba tayar ba ran nan, na kuma san ban duba ba lokacin da na rantse. Daudu bai yi ƙarya ba, ni na yi."

Ya juya, ya durƙusa a gaban abokinsa. "Daudu, na hana ka ganin Inna, na kuma ɓata maka suna. Don Allah ka yafe mini."

Daudu ya kama hannun nan mai yatsa huɗu, ya matsa gefe a kan benci. Ya ce, "Tashi ka zauna. Na daɗe da yafewa. Bakinka kawai nake jira."

Allah ya kiyaye mu da rantsuwa a kan ƙarya, ya sassauta harsunanmu wajen neman gafara tun waɗanda muka ɓata wa suna raye. Amin.