Imel Ɗin Mas'uda

Jama'a, yau dai imel ɗin nan ya buɗe! Ku tsaya in ba ku labarin tun daga farko.

Akwai wata yarinya a Kiyako, sunanta Mas'uda, ajinta na gaba da namu. Ta cike fom ɗin neman shiga makarantar koyon jinya, aka ce ta imel za a kira ta ganawa. Unguwarsu sabis ba ya kamawa, sai ranar kasuwa in ta shigo Birnin Kudu take dubawa.

Rannan suna tasha ita da ƙawarta Raliya, saƙo ya shigo, har da tambarin makarantar. Wai ta danna nan, ta sa lambar sirrin imel ɗinta yanzu-yanzu, in ba haka ba a cire sunanta.

Raliya ta leƙa ta ce, "Ke, wannan adireshin wasu lambobi ne barkatai. Mu kai wa Malam Barau mai koyar da kwamfuta ya gani mana."

Mas'uda ta ce, "Ni da na ci Turanci, sai an karanta min saƙo? Ke dai riƙe min ledar nan."

Direba na ta kiran saura mutum biyu. Ta danna, ta sa lambar, suka shiga mota.

Da kasuwa ta zagayo, imel ya ƙi buɗewa, an canza lambar. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa. Babanta kuwa kullum a majalisa sai ya ce, "Ai mun kusa samun likita a gida."

Da abin ya ishe ta, ta je wa Malam Barau da kanta. Ya yi ta fama, yau ya ƙwato shi. Muka yi ta tsalle, har ita.

Sai ga saƙon makarantar na gaske a ciki. An kira ta, ranar ta wuce tuni.

Ta zauna a dakali ta ce, "Raliya, ai kin faɗa min." Malam ya ce sai kuma baɗi.

Darasi: Makarantar gaske ba ta tambayar lambar sirrinka. Duk saƙon da ya ce yanzu-yanzu, ka dakata, ka duba adireshin, ka nuna wa wanda ya sani. Ku tura wa ƙawayenku, Mas'uda ce ta ce a tura. Amma don Allah kar wanda ya kai wa Babanta tukuna, da bakinta take so ta faɗa masa.