Gaisuwar da Ta Kashe Dakaru Uku

Kai Habu, rufe mini baki. Wa ya aike ka tambaya? Wai me ya sa yayanku ya dawo daga horon 'yan kwana-kwana a rame, ko dukansu ake yi. Da ka gan shi a rame, ruwa ka kai masa ko surutu? Ni ban shiga makaranta ba, amma na san abin da ake koya wa mutumin da zai shiga inda kowa ke neman hanyar fita. Ku naɗe ƙafafunku ku saurara. Wanda ya katse ni, shi zai wanke tukunya gobe.

A zamanin da, tun garuruwa na da ganuwa, an yi wani sarki mai ƙasa mai faɗi, amma ruwanta na da nisa. Rijiyoyin birninsa gaba ashirin ne, wasu talatin. In ka leƙa, ruwan can ƙasa bai fi idon kaza ba.

Wata rana da rani, da hantsi, wata mata mai jan ruwa ta zame ta faɗa Rijiyar Marina. Aka ruga fada, Sarki ya aiko da dakarunsa. Aka ɗaura wa na farko igiya aka zura shi, aka jawo gawa. Na biyu haka. Na uku haka. Ruwan bai wuce ƙugu ba, kuma babu ko ƙwarzane a jikin ɗayansu. Matar ma da ƙugiya aka ciro ta daga baya.

Na ukun nan, Jatau, yana da ƙane a cikin dakaru mai suna Korau, kuma Korau ne ke riƙe da igiyarsa ranar. Shi ya leƙa ya ce, "Yaya, lafiya?" Ya ji murya daga ƙasa ta ce, "Lafiya lau!" Ya jira. Da ya sake kira, shiru. Tun daga ranar, Korau da ya je yaƙi sau huɗu bai ja da baya ba, ko randar gidansu ba ya iya leƙawa. In ya ga baƙin ruwa a ƙasan abu, sai ya kawar da kai.

Sarki ya tara fada ya ce, "Me ya kashe mini mutane a cikin ruwan da bai kai ƙirji ba?"

Malamai suka ce iska ce, a yi sauka a tofa. Fatake suka ce a cike rijiyar a huta, alhali rabin gari daga nan yake sha. Da kowa ya gama, Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, akwai wani tsoho a bayan ganuwa, Makau, shekara hamsin yana yashe rijiya bai mutu ba. A tambaye shi."

Aka kawo Makau yana ɗingishi. Sarki ya ce, "Tsoho, lafiya?"

Ya faɗi ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe." Ba yadda zai yi ya ce wani abu dabam, domin dokar ƙasar ce tun kakanni: wanda ya amsa gaisuwar Sarki da mugun baki, bulala ɗari, a kuma fitar da shi daga gari.

Sarki ya maimaita tambayarsa. Makau ya ce, "Malamai sun yi gaskiya, iska ce, amma ba irin tasu ba. Akwai matacciyar iska da ke kwanciya cikin lakar ƙasan rijiya. In ƙafa ta dama lakar, sai ta taso. Amma ba ita ta kashe su ba, ranka ya daɗe. Gaisuwa ce ta kashe su."

Sarkin Yaƙi ya kai hannu ga takobi ya ce, "Wasa kake a gaban Zaki?"

Makau ya ce, "Da aka kira su daga sama, me suka amsa?"

Korau na tsaye cikin dakaru a bakin ƙofa. Ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi a ƙeya.

"Mutumin ƙasar nan," in ji Makau, "ko wuƙa na wuyansa, in ka ce masa lafiya, lafiya lau zai ce. Da shi aka yaye shi. Su ukun nan sun ji kansu na juyawa, amma bakinsu ya riga su. Na sama suka gaskata, suka tsaya jira."

Nan take Sarki ya yi umarni a ba Makau dakaru goma sha biyu da kwana arba'in, ya mayar da su masu ceton rai a rijiya. Sarkin Yaƙi ya zaɓo, ya kuma sa Korau a gaba, wai ya je ya rama wa ɗan'uwansa. Korau ya so ya ce a'a. Bakinsa ya ce, "To."

Horon nan, ku ji, ba na wasa ba ne. Da asuba su zaga ganuwa a guje da tulu cike a ka, wanda ya zubar ya koma. Da hantsi su hau busasshiyar rijiya ba igiya, baya a bango ɗaya, tafin ƙafa a ɗaya, har fatar bayansu ta saɓule. Suka koyi ɗaurin da ake yi ƙarƙashin hammata, ido a rufe, sau ɗari a yini. Suka koyi zura fitila a ƙwarya kafin mutum ya shiga; in harshen wutar ya mutu, sai a yi ta zura reshen ganye ana jawowa har iska ta sauya.

Wani daga cikin dakarun ya ce, "Baba, to ai fitilar ta isa."

Makau ya ce, "Fitila ba ta da ƙafa, ba ta dama laka. Kai za ka dama. Ƙeyarka za ta yi nauyi, kunnenka ya yi ƙara, sai wani barci mai daɗi ya zo. Hannunka ne zai fara mutuwa, don haka kada ka dogara da girgiza igiya. Baki ne ke saura. Numfashi goma kake da shi."

Duk wannan sun iya. Abin da ya gagare su shi ne na sanda. Makau zai iske mutum ya sauko da tulu, harshe a waje, ya ce masa da murmushi, "Sannu, ɗana. Lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, Baba." Sai sanda a ƙwauri.

"Maƙaryaci! Me ke ciwo?"

"Ƙirjina, Baba."

"To faɗi!"

Ba wanda ya sha sandar nan kamar Korau. Duk ranar da aka zura shi, da zarar bakin rijiya ya fara tsukewa a samansa, sai haƙoransa su kama haɗuwa, gumi ya jiƙe igiyar. Amma in an kira, sai ya ji bakinsa ya ce lafiya lau, da irin muryar Jatau sak.

Rana ta talatin, Korau ya sami Makau yana tufka igiya a inuwa, ya durƙusa ya ce, "Baba, ka sallame ni. Ni matsoraci ne. Tun ranar farko nake ɓoyewa."

Makau bai ɗaga kai ba. "Ɓoyewa? Ina jin haƙoranka daga sama kamar ana fasa gyaɗa. Tsoron nan shi nake so. Mai tsoro ne ke jin ƙeyarsa tun da wuri. Abu ɗaya ya rage maka, ka buɗe baki ka faɗa. Tashi ka ba ni wuri."

Ranar arba'in, Waziri ya sa aka yi shela cewa za a gwada su a Rijiyar Marina, da la'asar, a gaban jama'a. Aka jefa tasar tagulla a ciki, aka ce kowa zai sauka ya ɗauko. Aka zura fitila, ta ci lafiya. Waziri ya ce Korau ne zai fara.

Korau ya ɗaura igiyarsa. Aka zura shi. Hayaniyar mutane ta yi ta nisa har ta zama kamar kukan sauro. Bangon ya yi sanyi, ya yi santsi. Ya wuce gaba goma, ya wuce ashirin, sama ta koma kamar bakin ludayi. Sai ƙafarsa ta shiga ruwa, ta nutse cikin laka. Ya ce a ransa, nan Jatau ya tsaya, nan daidai.

Ya sunkuya yana lalube. Ya taɓa tsohon guga, ya taɓa dutse. Kumfa ta taso ta fashe a gefen cinyarsa. Can yatsunsa suka ji bakin tasar, ta kafe cikin laka. Ya ja. Ƙeyarsa ta yi nauyi. Kunnensa ya fara ƙara. Ya buɗe baki zai kira Makau, sai inuwar wani kai mai rawani ta tsaya a bakin rijiyar, murya ta sauko, wadda kowa a ƙasar ya sani.

"Korau, lafiya?"

Sarki ne da kansa.

Bulala ɗari. Kora daga gari. Tsohuwarsa da ta riga ta binne ɗa ɗaya, wa zai ci da ita? Ga tasar ta fara motsi, ja ɗaya ya rage. Ga barcin nan ya zo, mai laushi, tsoron ma ya fara barinsa, kuma wannan ne ya fi komai firgita shi. Ya ji leɓensa ya haɗa kalmar da kansa: "Lafiya..."

Ya ciji harshensa har ya ji jini. Ya saki tasar. Ya tara abin da ya rage a ƙirjinsa ya ƙwala, "Ba lafiya! Ba lafiya, ku ja ni!"

Bai san lokacin da ya fito ba. Ya farfaɗo a kwance a ƙasa, ana yi masa fifita, yana amai. Jama'a sun yi cirko-cirko. Sarkin Yaƙi yana cewa, "Allah ya ba ka nasara, ya yi wa Zaki mugun baki a gaban gari, bai ko ce ranka ya daɗe ba, ya kuma fito hannu wofi. Doka ta hau kansa."

Korau ya ja jiki ya durƙusa, goshinsa a ƙasa, yana jiran dogarai.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na roƙe ka ka kira shi. Na yi haka ne domin wanda ya iya faɗa maka gaskiya daga ƙasan rijiya, zai iya faɗa wa kowa. Tasar ba komai ba ce. Makau na ƙirga numfashi, da ya kai bakwai za a jawo shi ko me ya amsa."

Makau ya ce, "Na kai shida."

Sarki ya sa aka sake zura fitila. Tun ba ta kai ruwa ba ta mutu. Ya dubi ƙwaryar da aka jawo, ya ce, "Doka ta ce wanda ya amsa gaisuwata da mugun baki. Ni ba gaisuwa na yi ba, tambaya na yi, aka kuma ba ni amsa. Shekara ashirin ina kan gadon nan, yau na fara jin irinta. Sarkin Yaƙi, in kana ganin lafiya ce a ƙasa, ga igiya."

Sarkin Yaƙi ya dubi igiyar, ya dubi rijiyar, ya ja da baya.

A wurin Sarki ya naɗa Korau shugaban masu ceto, ya ce daga ranar, duk wanda ke kan igiya ba a gaishe shi, tambayarsa ake yi, ko da Sarki ne a sama. Korau ya yi shekara ashirin da biyu yana shiga rijiyoyin birnin, ya fito da mutum sittin da rai. Har ya tsufa, ba a taɓa zura shi haƙoransa ba su haɗu ba, kuma ba a taɓa jawo gawar ɗaya daga cikin mutanensa ba.

Iyakar abin ke nan, ban da ƙari. Ke Ladi, ɗauke tabarmar nan kada raɓa ta jiƙa ta. Ku kama ruwa ku shige ɗaki, kada in ji motsin kowa. Maza!